Daga Galway Zuwa Maƙabartar Yara Ta Letterfrack

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2024 na sauka a ƙasar Ayalan tare da mai ɗakina, bisa gayyatar babban ɗanmu da ke aikin likita a birnin Galway, domin mu ga jikan da aka haifa mana. Ban ɗauki takarda ko alƙalami da niyyar wani bincike ba, domin na riga na yi ritaya bayan shekaru 31 a aikin ilimi, waɗanda na shafe 12 na ƙarshensu ina sufeton makarantu, kuma na ɗauka na rabu da zancen makaranta ke nan. Sai ga shi ranar Talata, 3 ga watan Satumba, muna zaune a falo da yamma, gidan talabijin na ƙasar ya buɗe labarai da ministar ilimi ta lokacin, Norma Foley, tana gabatar da rahoton wani bincike na share fage da gwamnati ta sa wata babbar lauya, Mary O'Toole, ta gudanar a kan lalata da yara a makarantun da ƙungiyoyin addini suka riƙe.

Alƙaluman da aka karanto su ne suka sa na ajiye kofin shayin da ke hannuna. An samu zarge-zarge 2,395 a kan mutum 884, a makarantu 308 na ƙungiyoyin addini 42, kuma mafi yawan wannan adadi daga cikin kundin ajiyar ƙungiyoyin da kansu aka ciro shi. Daga ciki akwai zargi 590 da suka fito daga makarantu 17 kacal na yara masu buƙata ta musamman, wato kurame da makafi da masu raunin fahimta, waɗanda ko sun so kai ƙara ba lalle a fahimci abin da suke faɗa ba. Kimanin rabin waɗanda ake zargi sun riga sun mutu. Na juya na tambayi ɗana ko wannan ne karo na farko da irin wannan magana ta fito fili. Ya girgiza kai ya ce, “Baba, ai wannan ƙarshen zancen ka tarar. Idan kana son ka ga mafarinsa, ranar Asabar ba ni da aiki, sai in kai ka Letterfrack.”

Tafiyar ta ci mana kusan awa biyu a mota, muka bi hanyar yamma ta garin Oughterard da mararrabar Maam Cross, muka ratsa yankin Connemara har Clifden, daga nan muka karkata arewa. Wanda ya saba da ƙasar Hausa, inda ko a daji sai ka hangi gona ko rugar Fulani, zai sha mamakin yadda wannan yanki yake fayau: duwatsu ne masu toka-toka, da tafkuna, da fadamu baƙaƙe waɗanda mutanen wurin suke yanko ƙasarsu su shanya ta zama makamashi, sai tumaki jefi-jefi da aka shafa wa fenti a gadon baya. Ruwa yana saukowa yana ɗaukewa kamar ana wasa da famfo. Tun a hanya na fara lissafi irin na tsohon malamin kwana, cewa yaron da aka ɗauko daga lungunan Dablin, babban birnin ƙasar, nisan da ya fi kilomita 250, aka kawo shi nan, idan ya tsere da dare ina zai nufa, kuma wace uwa ce mai wankau za ta iya biyan kuɗin motar zuwa duba shi ko da sau ɗaya a shekara.

Letterfrack ƙaramin ƙauye ne a gindin wani tsauni da ake kira Diamond Hill. Wasu ma'aurata mabiya ɗariƙar Kirista ta Kwaika, James da Mary Ellis, su ne suka raya wurin a 1849 domin taimakon mutanen da babbar yunwar ƙasar ta ɗaiɗaita. Daga baya filin ya koma hannun cocin Katolika, kuma a 1887 ƙungiyar Christian Brothers, wadda ta maza ce masu alwashin rashin aure da suka keɓe kansu ga koyarwa, ta buɗe makarantar St Joseph a wurin. Sunan da hukuma ta ba irin waɗannan makarantu shi ne na koyon sana'a, amma a zahiri gidajen tsare yara ne, kuma kotu ce take tura yaro can saboda maraici, ko talaucin iyaye, ko gudun makaranta, ko ƙaramar sata, ko don an haife shi ba ta hanyar aure ba. Gwamnati tana biyan ƙungiyar kuɗi a kan kowane yaro, saboda haka yawan kawuna shi ne yawan kuɗin shiga. A 1954 aka mayar da Letterfrack wurin da ake kai yaran da aka samu da laifi, kuma ba a rufe ta ba sai a 1974.

Ginin yana nan daram, dogo mai hawa biyu da tagogi a jere, ya kewaye wani fili ta ɓangare uku. A yau reshen wata jami'ar fasaha ne inda ake koyar da zane da ƙera kayan katako, kuma ta taga na hangi injinan yankan itace da kujerun da ɗalibai suka haɗa. Gine-ginen gonar makarantar, inda yaran suka yi bautar noma da kiwo, su ne suka zama ofishin karɓar baƙi na gandun shaƙatawa na Connemara da aka buɗe a 1980. Mun tarar da motocin 'yan yawon buɗe ido cike da wurin, Jamusawa da Faransawa sanye da rigunan ruwa masu launi suna shirin hawan tsauni, kuma na tabbata da yawansu sun koma gida ba tare da sanin abin da aka yi a inda suka sha gahawa ba.

Maƙabartar yaran tana can sama da cocin ƙauyen, sai an bi wata siririyar hanya cikin itatuwa. Fili ne ƙarami da aka kewaye, da gicciye a tsaye, sai ƙananan duwatsu masu siffar zuciya a jere a kan ciyawa, kowanne da sunan yaro da shekarunsa da ranar mutuwarsa. Yara sama da 100 ne suka mutu a makarantar a tsawon rayuwarta, wasu da tarin fuka, wasu da ciwon huhu, kuma waɗannan duwatsu ba a sa su ba sai bayan shekaru masu yawa da rufe ta. Na bi su ina karantawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran rajista da safe, na ga masu shekara 15, na ga waɗanda ba su kai goma ba. Mutane sun ajiye motocin wasa da 'yan tsana a gefen wasu, ruwan sama ya koɗar da launinsu. Ɗana ya tsaya daga bakin ƙofa bai ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba sai innalillahi.

Abin da aka yi wa waɗanda suka rayu yana rubuce a rahoton hukumar binciken cin zarafin yara, wanda aka fi sani da rahoton Ryan, da ya fito ranar 20 ga watan Mayu na 2009 a cikin kundi biyar. Hukumar ta samu cewa lalata da yara ta zama ruwan dare a gidajen yara maza, kuma shugabannin ƙungiyoyin sun san da haka, domin an gano takardunsu a birnin Rum da ke nuna sun yi wa 'ya'yansu shari'ar cikin gida a kan wannan laifi tun shekarun 1930. Idan ma'aikaci ne na waje ya aikata, akan miƙa shi ga 'yan sanda, amma idan ɗan ƙungiya ne sai a yi rufa-rufa, a ɗauke shi a kai wata makarantar inda ba a san shi ba, ya tarar da sababbin yara. A Letterfrack kanta, wani ɗan ƙungiyar da ke kula da ɗakin girki ya shafe kimanin shekaru 14 yana lalata da yara, kuma sai a 2003 kotu ta ɗaure shi shekara 12, lokacin da yaran nan sun zama dattawa.

A hanyarmu ta komawa, abin da ya tsaya mini a rai shi ne sashen rahoton da ya shafi ma'aikatar ilimi, domin nan ne gidanmu. Doka ta ba ma'aikatar ikon duba waɗannan makarantu, ta ba ta ikon janye musu lasisi, kuma kuɗinta suke ci. Duk da haka hukumar ta samu cewa ma'aikatar ta riƙa yi wa ƙungiyoyin ladabi da sunkuyar da kai har ta kasa sauke nauyin da ke kanta, cewa akan san da zuwan sufeto tun kafin ya iso, kuma ƙorafin iyaye da na tsofaffin ɗalibai akan yi watsi da shi ko a tura wa shugaban makarantar da ake ƙara ya ba da amsa. Na san wannan ziyara ciki da bai, domin na yi irinta ba sau ɗaya ba. Za ka iso ka tarar an share fili an yayyafa ruwa, an sa wa yara kaya masu tsabta, an shimfiɗa sababbin barguna a gadajen da ke kusa da ƙofa, shugaban makaranta ya tare ka da fara'a ya zaunar da kai a ofis, a kawo abinci, sannan a zaɓo maka yara uku masu baki su amsa tambayoyinka a gabansa. Idan kuwa shugaban malamin addini ne mai furfura wanda gari yake girmamawa, kunya kaɗai ta isa ta hana ka cewa a ba ka wuri ka gana da yara kai kaɗai. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na rubuta “komai lafiya” alhali abin da aka nuna mini kawai na gani.

Kuma ba za a ce ba a yi wa gwamnatin Ayalan gargaɗi ba. A 1946 wani fada, wato limamin Katolika, ɗan asalin ƙasar, Edward Flanagan, wanda ya yi suna a Amurka saboda gidan marayun Boys Town da ya kafa, ya zo ziyara ya soki yadda ake tsare yara a bainar jama'a, sai ministan shari'a na lokacin, Gerald Boland, ya yi fatali da maganarsa a majalisa. Wani tsohon ɗalibin Letterfrack mai suna Peter Tyrrell, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu har Jamusawa suka kama shi, ya shafe shekaru yana rubuta wasiƙu ga hukumomi da shugabannin coci da 'yan jarida a kan abin da ya gani yana yaro, ba wanda ya saurare shi in ban da wani sanata guda, Owen Sheehy Skeffington. A 1967 Tyrrell ya cinna wa kansa wuta a wani fili a birnin Landan. Rahoton kwamitin mai shari'a Eileen Kennedy na 1970 ya ba da shawarar a wargaza tsarin manyan gidajen, aka kuwa yi ta rufe su, amma ba a tambayi kowa abin da ya faru a cikinsu ba har kusan shekaru 30 bayan haka.

Mako biyu da zuwanmu Letterfrack na hau jirgin ƙasa ni kaɗai zuwa Dablin, tafiyar kimanin awa biyu da rabi, na sauka a tashar Heuston. Na fara da titin Marlborough, inda hedikwatar ma'aikatar ilimi take, kuma abin da ya fara ɗaukar idona shi ne cewa ƙofarta tana fuskantar babban cocin Katolika na St Mary, titi ne kawai ya raba su. Na daɗe a tsaye a wurin, domin tarihin ilimin ƙasar gaba ɗaya yana cikin wannan maƙwabtaka: gwamnati ce take biyan albashin malamai tana tsara manhaja, coci kuma shi yake riƙe da makarantu yana ɗaukar malamai, kuma har yau kusan kashi 90 cikin 100 na makarantun firamare suna ƙarƙashin kulawar cocin Katolika.

Shirun ya karye ne a watan Afrilu na 1999, lokacin da gidan talabijin na RTÉ ya fara nuna wani shirin bincike mai kashi uku na 'yar jarida Mary Raftery, inda tsofaffin yaran gidajen suka fito da fuskokinsu suka ba da labari. Ranar 11 ga watan Mayu na shekarar, firaminista Bertie Ahern ya nemi gafara a madadin ƙasa da 'yan ƙasa, yana mai cewa an gaza shiga tsakani, an gaza gano azabar da yaran suke ciki, an gaza kai musu ɗauki. Aka kafa hukumar bincike a ƙarƙashin mai shari'a Mary Laffoy, wadda ta ajiye aikin a 2003 tana kuka da jan ƙafar da gwamnati da ma'aikatar ilimi suke yi mata, sannan aka naɗa mai shari'a Seán Ryan. Ƙungiyar Christian Brothers kuma ta garzaya kotu, kuma ƙarshen wannan taƙaddama shi ne rahoton ya fito da sunayen bogi a maimakon na ainihin masu laifi, har da waɗanda kotu ta riga ta ɗaure.

Maganar kuɗi ita ce har yanzu take tayar wa mutanen ƙasar da jijiyar wuya. A watan Yuni na 2002, a kwanakinsa na ƙarshe a ofis, ministan ilimi Michael Woods ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin addini 18 cewa za su ba da yuro miliyan 128, wani kaso a tsabar kuɗi, wani a filaye da gine-gine, gwamnati kuma ta ɗauke musu duk wata diyya da za ta biyo baya komai yawanta. Hukumar biyan diyyar da aka kafa a shekarar ta biya mutum sama da 15,500, kowanne ya samu kimanin yuro 62,000 idan aka yi raba daidai, kuma da babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya haɗa lissafin diyya da kuɗin lauyoyi da na bincike, abin ya tasam ma yuro biliyan 1.5. Bayan rahoton Ryan kunya ta sa ƙungiyoyin suka yi alƙawarin ƙarin sama da miliyan 350, gwamnati kuma ta ce a raba nauyin biyu, amma abin da ya shigo bai ko kusanci rabin ba. Ma'ana, mai biyan haraji ne ya ɗauki kayan, ciki har da su waɗanda aka zalunta. Wani sashe na dokar diyyar, na 28, ya kuma haramta wa wanda ya karɓi kuɗi ya bayyana abin da ya gudana a gaban hukumar ta yadda za a gane mutum ko makaranta, in ya saɓa kuwa tara ce ko ɗauri. A ganina wannan sashe ya ɓata rabin ladan neman gafarar, domin mutumin da babban ciwonsa shi ne an hana shi magana yana yaro, an sake rufe masa baki yana tsoho, a wannan karon da sa hannun majalisa.

Daga titin Marlborough na taka zuwa lambun tunawa da mazan jiya da ke dandalin Parnell, domin a nan aka shirya gina abin tunawa da yaran, wanda shi ne shawara ta farko a jerin shawarwarin rahoton Ryan, har da cewa a rubuta kalaman neman gafarar 1999 a jikinsa. Ban tarar da komai ba, domin hukumar tsara birane ta ƙi amincewa da zanen a 2013. A 2022 gwamnati ta amince a mayar da tsohon gidan wankau na sistoci da ke titin Seán McDermott, inda aka riƙa tsare mata ana sa su aikin wanki, wanda aka rufe a 1996, cibiyar bincike da tunawa ta ƙasa. Na leƙa can ma, tafiyar 'yan mintoci ce, na ga dogon gini na jan bulo a rufe.

Duk wannan diyya ta tsaya ne ga yaran da aka tsare a gidajen kwana bisa umarnin kotu ko hukuma. Yaron da aka lalata a makarantar jeka-ka-dawo, gwamnati ta ce babu ruwanta da shi, kuma a nan ne na ga ainihin halinta. Louise O'Keeffe tana ƙaramar yarinya a 1973 lokacin da shugaban makarantar firamarensu ta Dunderrow, a gundumar Cork, ya riƙa lalata da ita a lokacin darasin kiɗa. An taɓa kai ƙarar mutumin ga fadan da ke kula da makarantar tun kafin haka, ba a yi komai ba, kuma da ƙorafi ya yi yawa sai ya koma wata makaranta ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, kafin a ɗaure shi a 1998. Da ta kai gwamnati ƙara, lauyoyin gwamnati suka ce ma'aikatar ilimi albashi kawai take biya, ba ita ta ɗauki malamin aiki ba. Kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya a 2008, gwamnati ta nemi a ɗora wa matar kuɗin shari'a, ta kuma aika wa sauran masu irin wannan ƙara wasiƙu cewa su janye ko su ma a bi su kuɗi, da yawa kuwa suka tsorata suka janye. Ita ba ta janye ba. Ranar 28 ga watan Janairu na 2014 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta yanke hukunci cewa kare yaro daga cin zarafi a makarantar firamare nauyi ne na ƙasa, kuma ƙasa ba ta kuɓuta daga gare shi don ta miƙa makarantu ga wasu.

Ko bayan wannan hukunci sai da aka sake kewaye. Shirin biyan yuro 84,000 da gwamnati ta fito da shi a 2015 ya gindaya sharaɗin cewa sai mutum ya nuna an taɓa kai ƙarar malamin kafin a taɓa shi, sharaɗin da kusan ba mai iya cika shi, tun da takardun ƙorafin suna hannun waɗanda suka ɓoye su. A 2019 wani tsohon alƙali, Iarfhlaith O'Neill, wanda gwamnati da kanta ta naɗa ya duba ƙararrakin, ya ce sharaɗin ya saɓa wa hukuncin kotun Turai, firaminista Leo Varadkar ya sake neman gafara a majalisa, aka sake buɗe shirin a 2021.

Da la'asar na hau jirgin ƙasa na cikin gari da ke bin gaɓar teku zuwa kudancin Dablin, na sauka na taka har ƙofar kwalejin Blackrock. Filayen wasa ne kore shar da dogayen gine-gine, yara sanye da rigunan makaranta suna fitowa, manyan motoci suna jiransu. Makarantar fada-fadan ƙungiyar Spiritan ce, waɗanda suka yi aikin mishan mai yawa a kudu maso gabashin Najeriya, kuma a nan Éamon de Valera, wanda ya yi firaminista ya kuma yi shugaban ƙasa, ya yi karatu. A watan Nuwamba na 2022 gidan rediyon RTÉ ya watsa wani shiri inda wa da ƙani suka ba da labarin yadda fada-fada suka yi ta lalata da su a wannan wuri a shekarun 1970 da 1980, kowannensu bai san ana yi wa ɗan'uwansa ba. Bayan haka mutane da yawa suka fito da nasu labarin, kuma wannan ne ya tilasta wa gwamnati kafa binciken da na ji sakamakonsa a falon ɗana. A Letterfrack na ɗauka talauci da nisa ne suka ba azzalumai dama, amma a nan 'ya'yan likitoci da lauyoyi ne da suke kwana a gidan iyayensu, kuma abin da ya rufe musu baki shi ne sanin cewa idan maganar yaro ta ci karo da ta fada, ta fada za a ɗauka.

A cikin jirgin komawa Galway tunanina ya tafi gida, ga watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum kusan 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu suna ba da labarin lalata da aka yi da su, sannan aka bankaɗo wasu irinsa a Daura da wasu garuruwa. An rufe gidaje, an kama mutane, an yi ta magana na 'yan makonni. Tarihin bai zama ɗaya ba, domin a Ayalan kotu ce take kai yaron gwamnati kuma take biya, a wurinmu iyaye ne suke kaiwa da hannunsu. Sai dai na gane kunyar nan da take hana jami'i ɗaga labulen malami, domin na ɗanɗana ta, kuma a wurinmu ma an daɗe ana ɗaukar tambayar mai riƙe da yara tamkar taɓa addini ne.

Wani abu ya sauya a Ayalan, kuma na gan shi a ƙaramin al'amari. Babbar jikata tana aji biyu a wata firamare ta Katolika a Galway, kuma ranar da surukata ta tafi da ni ɗauko ta, na ga an manna takardar manufar kare yara a bakin ƙofa, da sunan malamin da aka ɗora wa alhakin karɓar ƙorafi. Na nuna sha'awar in riƙa zuwa ina taya su karatun lissafi a sauran kwanakina, sai surukata ta yi dariya ta ce, “Baba, ko kai ne ministan ilimi sai 'yan sanda sun tantance ka tukuna.” Dokar tantancewar ta 2012 ce, ta fara aiki a 2016. A 2012 ɗin ne kuma aka mayar da ɓoye bayanin lalata da yaro laifi, aka yi ƙuri'ar raba gardama aka shigar da haƙƙin yara cikin tsarin mulki, aka kafa hukumar kula da yara ta Tusla a 2014, kuma tun watan Disamba na 2017 doka ta wajabta wa malami da likita da limamin coci su kai rahoto idan sun ga alamar cin zarafi. A matsayina na tsohon sufeto na san takarda a bango ba ta kare kowa, amma na kuma san bambancin da ke tsakanin malamar da take tsoron fushin shugabanta idan ta yi magana da wadda doka ta ɗora wa wajibin yin maganar.

Mun dawo gida a farkon watan Oktoba, sanyi ya fara shiga ƙashi. A watan Yuli na 2025 ɗana ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce, “Baba, maganar nan taka ta motsa.” Ministar ilimi ta lokacin, Helen McEntee, ta sanar da kafa cikakkiyar hukumar bincike a ƙarƙashin mai shari'a Michael MacGrath, wadda za ta duba yadda aka bi da ƙorafin lalata da yara a dukkan makarantun ƙasar, na addini da waɗanda ba na addini ba, an kuma ba ta shekara biyar ta kammala. Na tambaye shi batun diyya, da ko a wannan karon ƙungiyoyin za su biya rabonsu. Ya ce gwamnati ta ce tana nan tana nazarin hanyar da za ta bi. Na ɗauki alƙalami na yi lissafi a bayan wata takarda: yaron da yake da shekara 10 a 1970 zai cika 70 a shekarar da ake sa ran rahoton.